Bindigar da Baba Ba Zai Yi wa Bango Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Isa Maƙeri, amma har yau in na ga bindigar toka shi nake fara tunawa. Maharban ƙauyukanmu duk shi ke yi musu, musamman masu harbin zabi da fakara.

Baba mutum ne mai taurin kai a kan sana'arsa. Dogon baki yake so, da gindi na itacen maɗaci, ba tagulla, ba tuntu, ba zane. Cewa yake ƙyalli tsuntsu yake gargaɗa. Sannan bai taɓa yi wa wanda bai gani ba bindiga. Sai ka zo ka tsaya, ka ɗaga hannu kamar za ka harba, ya auna ka da igiya daga kafaɗa zuwa yatsa. Ko sarkin baka ne ya aiko yaro, sai yaron ya koma ya kira ubangidansa.

Ni ban gaji maƙera ba, tuƙi nake yi a Doha. Ƙanena Sani ne ya zauna a bakin zuga-zugi, kuma aikin ya ja baya ƙwarai, har ya fara zancen rufe wurin ya koma acaɓa. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai.

A nan kuwa bindigogin kwaikwayo ake ratayawa a bangon majalisa, wato falon baƙi, an lulluɓe su da azurfa, ba su taɓa shaƙar albarushi ba. Duk sanda na kai maigidana wani gida a unguwar Al Thumama na hango su, sai in ce da Baba na nan da ya yi tsaki. Ko kuwa dariya zai yi? Ban sani ba.

Kwanakin baya wani likita ɗan garinmu da ke zaune a nan unguwar Madinat Khalifa ya ce yana son irin wannan bindiga a falon gidan da ya gina a Najeriya, don tunawa da kakansa maharbi. Ta ado kawai, mai ƙyalli, kuma abokansa ma za su so. Na kira Sani da murnata, ina ganin maƙera ta tsira.

"Yaya, ka auno mini hannunsa," in ji shi.

Na ce bango za ta hau, bango kuwa ba shi da kafaɗa. Ya ce to a nemi wani maƙerin. Raina ya ɓaci sosai. Mutum yana shirin rufe ƙofa, ga aiki ya zo, yana yi mini halin Baba.

Da kunya na je wurin Likita da igiya a aljihu. Ya yi dariya, ya ce, "Yalla, Malam Garba, auna." Ya ɗaga hannu, sai na ga ya kai gindin bindigar da babu ita kafaɗar hagu. Na ce ai ba bahago ba ne shi. Ya tsaya a haka bai sauke ba.

"Kakana ne bahago," ya ce. "Haka na riƙa ganinsa. Na manta sai yanzu."

Ya daɗe yana ba ni labarin tsohon, har da baƙar bindigarsa da ba ta da ko ɗigon ado. Daga ƙarshe ya ce khalas, shi ke nan, a bar azurfar, a yi ta bahago.

Ba zan ce maƙera ta tsira ba, aiki ɗaya ne, abokan kuma sun yi shiru da suka ji babu ƙyalli. Baba bai bar mana gona ko gida na a zo a gani ba. Abin da ya bari shi ne wannan naci na a dubi mutum tukuna, kuma ga shi ya biyo ni har Doha cikin aljihu. Allah ya jiƙansa.

Da na aika wa Sani awon, abu ɗaya ya tambaya: "A tsaye ka auna shi, ko a zaune?"