Wasan da La'asar ta Raba

Ƙwallo ɗaya ta rage mini kafin baƙar, shi kuwa huɗu, kuma bugu nawa ne. Tun da muke biliyardo, wato sinuka, a wani shago a unguwar Zahir ta Makka ban taɓa cin mutumin nan ba. Bahaushe ne haifaffen Makka, makaniki, da ake gayyata gasa har Jidda. Shi ya koya mini ladabin tebur: ba a motsi idan abokin wasa ya sunkuya, ba a bugu a bayan idonsa.

Na sunkuya ke nan aka kira La'asar.

Ya ce, "Ajiye sandar, ɗan uwa. Je ka yi addu'a, wallahi kana buƙata."

A ƙofar masallaci 'yan sanda suka tare shi, suka nemi igama, wato takardar izinin zama, babu. Aka tasa ƙeyarsa zuwa Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba. Daga nan labarinsa ya yanke.

Mai shagon ya ce mini, "Halas, shi ke nan, wanda bai dawo ba ya faɗi. Buga."

Na ƙi. Na zana wurin kowace ƙwallo da alli, na sayi teburin.

Ni dillalin tsofaffin kaya ne, haja ba ta kwana a hannuna. Amma teburin nan yana ma'ajiyata a unguwar Ka'akiyya, ya cinye wurin firiji uku. Idan na shiga ni kaɗai, sai in ji kamar yana tsaye a bayana, ba ya motsi.

An sha tayawa, ban sallama ba. Kowace shekara ina asarar wuri, wasan kuma har yau ban ci ba.