Ranar da Baba Ya Kira Sunana

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka har na kai shekara ashirin da biyar ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Ke" yake ce mini, in kuma da baƙi ya ce "babbar". Ƙannena mata uku kuwa sunansu yake rangaɗawa tun daga zaure idan ya dawo daga rumfarsa ta atamfa a Babbar Kasuwa. Kowa ya san kunyar ɗan fari ce, ni ma na sani, amma sanin bai taɓa hana ni jin zafin abin ba.

An sa ranar aurena a shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Katangun Ƙofar Kwaya duk sun sha hotunan 'yan takara, kowa a gari bakinsa ya buɗe yana faɗin buƙatarsa. Wanda zan aura, malamin makaranta a Batagarawa, har tsokanata yake wai ni ma in fito da tawa buƙatar tunda lokacin ya zo. Buƙata ɗaya gare ni, kuma ba a hannunsa take ba.

A al'ada uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, ƙanensa yake wakiltawa. Na san Baba Ƙarami ne zai ambace ni a masallaci, Baba yana can bayan sahu ya sunkuyar da kai. Daga nan a kai ni ɗakina, shi ke nan.

Sai na shirya na tafi gaida limamin unguwarmu, wanda zai ɗaura auren. Shi ya fara koya mini karatu, kuma abokin Baba ne tun suna yara. Na durƙusa, muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi hidima, ni kuma na kasa tashi.

"Ɗiyata, mi ke tahe da ke?"

Na faɗa masa, ina jan zaren tabarma. Na zaci faɗa zai yi mini. Sai ya yi dariya har rawaninsa ya goce.

"Wasu lasifika suke so, wasu a tsawaita addu'a. Ke wannan kaɗai? To jajibirin ɗaurin aure, bayan la'asar, ki tsaya kusa da zaure. Kada ki yi tari."

Ranar na laɓe bayan ƙyaure, lalle a hannuna ko bushewa bai yi ba. Liman ya zauna da Baba da Baba Ƙarami da maƙwabta biyu, ya ce yana son a yi wakilcin a gabansa, gaban shaidu.

"Alhaji, ɗiya huɗu Allah Ya ba ka. Wacce za a ɗaura wa?"

"Babbar," in ji Baba.

"Babbar ba suna ba ne."

"Haba Malam, ai ka san ta."

"Ni na san ta. Shaidu nake so su ji daga bakin uba."

Ina jin Baba yana gyara zama, yana kaɗa carbi. Tausayinsa ya kama ni, har na so in fito in ce a bar shi haka.

Sai ya faɗa. A hankali, cikakke, ba gutsurewa kamar yadda ƙawayena suke yi, ya kuma haɗa da nasa sunan a baya. Ya faɗe shi sumul, kamar wanda ya daɗe yana faɗinsa in ba kowa. Na toshe bakina da hannu, lallen ya ɓata mini haɓa.

Washegari aka ɗaura aure, aka raba goro. Da aka kai ni in yi masa sallama, Baba ya dubi jan da ke haɓata, ya daɗe yana dubansa.

"Ke," ya ce, "ƙyauren zauren nan ba ya ɓoye ƙahwa. Tun ina zaune nake ganin taki."