Ranar da Wanzamin Baba Ya Ƙi Yi Masa Ƙaho

Baba ya tuɓe riga a zaurenmu na Tarai, ya juya wa Malam Sale wanzami baya, yana jiran ƙaho kamar kowace bazara. 

Wata uku ke nan da aka sa masa ɗan ƙarfe a jijiyar zuciya. Kullum yana shan maganin tsinka jini, likita kuma ya ce ko ƙaramin yanka ya samu, jinin zai daɗe bai tsaya ba. Amma wa ya isa ya hana Baba?

Malam Sale ko zabirarsa bai buɗe ba.

"Alhaji, Hajiya ta gaya min maganin da kake sha. Shekara talatin ina zubar maka da jini. Bana dai a bar maka abinka, muna son ganin ka baɗi."

Baba ya jawo rigarsa.

Ku fa, wa ya taɓa hana ku abu saboda ƙauna?