Kwalabe Uku na Malam Ashafa

Malam Ashafa mai yashe kwata ne. Shekara ashirin yana shiga magudanan masana'antu da shebur, yau Sharada, gobe Challawa, jibi Bompai. Ƙafafunsa duk sun tsattsage. Yakan ce kowace kwata da irin cutarta: ta Challawa ƙuna take sa wa, ta Sharada ƙaiƙayi, ta Bompai kuwa sai an kwana biyu ta kumbura mutum. A bakin masallaci dariya ake yi masa.

"Likitan kwata, yau wacce ta cije ka?" in ji Inuwa mai shayi. "Ƙazanta ai ƙazanta ce."

A daminar 2006 wata malamar jami'a, Dokta Hauwa, ta tarar da shi a bakin aiki. Ta ce tana binciken ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan, kuma tana zaton kowace unguwa da dangin nata. Ashafa ya jingine shebur. Bai taɓa jin maganarsa a bakin mai ilimi ba.

Ta ba shi kwalabe uku ya ɗebo mata ruwan, kowace kwata da kwalbarta. Alhamis da la'asar za ta karɓa, Juma'a ta tafi da su ƙasar waje a auna. Ya ɗaura wa kowacce zare mai launi daban, ranar Alhamis ɗin ya zaga unguwannin a kan keke tun asuba. Ya ajiye su a zaure ya tafi sallar azahar.

Yana dawowa ya tarar matarsa Kulu ta juye su duka a tsohuwar garwa, ta tace da ƙyalle, ta tafasa, ta wanke kwalaben tas.

"Malam, baƙuwa guda mai mota, a miƙa mata najasa tana wari? Sai ta ce ba mace a gidan."

"Kulu, ai warin take nema."

"To, da ka faɗa."

Ya sake hawa keke. Na Challawa kawai ya iya ɗebowa kafin la'asar. Dokta ta juya kwalbar a hannunta.

"Malam, da guda ɗaya ba a gane bambanci."

Ba ta sake dawowa ba. Ranar Asabar ya shiga kwatar Sharada, ƙaiƙayin ya taso masa daidai yadda ya sani. Da Inuwa ya tambaye shi wacce ce yau, shayinsa kawai ya kurɓa.