Shaidar Zarami Gurgu

Duk wanda ya jefa wa Zarami sadaka a Nguru, sau ɗaya yake yi. Gurgu ne, shan inna ta cinye masa ƙafafu tun yana goye, amma in ka miƙo masa kwabo sai ya bi ka da zagi har bakin tashar jirgi. Walda yake yi, rumfarsa tana jingine da tawa ta faci, don haka na sha jin kirarin da yake wa kansa: babu abin da mai ƙafa zai yi wanda gurgu ba zai yi ba. Kekunan guragun garin rabinsu shi ya ƙera. Ni dai ina ƙaunarsa, duk da bakinsa ya fi wutar waldarsa zafi.

A shekarar 1999 wani kamfanin casar shinkafa na Gashua, wanda Zarami ke gyara wa ƙofofi da baro, ya aiko a ɗauke shi. Wani ɗan dakonsu ne, Ajimi, tarin buhuna suka rufto masa, baya ya karye, ƙafafu suka mutu. Magana ta kai kotu. Likita ya gama nasa, ya ce ƙafa ba za ta dawo ba. Abin da ya rage shi ne ko Ajimi zai iya wata sana'a, don in zai iya, diyyarsa za ta ragu sosai, ga shi da mata da 'ya'ya. Lauyan kamfani ya ga babu shaidar da ta fi gurgu mai cin gumin kansa. Zarami kuwa jin za a kira shi masanin sana'a a gaban alƙali, har sabuwar hula ya saya. Ni na raka shi.

Ya bar kekensa a ƙofa saboda matakala, ya sa silifas a hannu ya ja jiki ya shiga, masinja ya zo zai ɗaga shi ya harare shi. A nan muka fara ganin Ajimi. A kan tabarma aka shimfiɗe shi, don zama ba ya yiwuwa gare shi sai na ɗan lokaci. Ƙaton mutum ne, wuyansa duk ya yi kanta saboda dakon buhu. Zarami ya daɗe yana kallonsa.

Lauya ya yi ta jero tambayoyi, Zarami na amsawa da ƙarfi: e, yana walda, yana ciyar da gidansa, bai taɓa bara ba. Sai lauya ya nuna tabarma ya ce to wannan ma ai zai iya.

“Ba zai iya ba, ranka ya daɗe,” in ji Zarami. “Ni ban taɓa samun ƙafa ba, balle in rasa. Tun ina rarrafe hannuna ke koyon aikinta. Wannan bawan Allah bayansa ne sana'arsa, kuma bayan ne ya karye. Walda zama take so, faci zama, ɗinki zama. Ku zaunar da shi mu gani.”

Lauya ya tuna masa kirarinsa, wanda ashe har Gashua an sani. Na ga gumi a goshin Zarami, don wannan maganar ita ce duk abin da ya mallaka a duniya.

“Ni na faɗa, kuma ban janye ba. A kaina na faɗa. Ban faɗa don a ɗauke ni a bugi wani da ni ba.”

Kotu ta ba Ajimi cikakkiyar diyya. Kamfani ya janye aikinsa daga rumfar Zarami, wannan kam mun san za a yi. Abin da ba mu zata ba shi ne fushin Ajimi. Matarsa Yagana ta zo godiya, ta ce shi ko sunan Zarami ba ya son ji, wai gurgu ya kira shi marar amfani a bainar jama'a. Ni raina ya ɓaci, na ce wannan butulci ne. Zarami ya ce in rufe masa baki in ci gaba da facina.

Ya ƙera keke mai dogon majingini, ya shimfiɗa masa soso, ya aika wa Ajimi Gashua a saman mota. Aka dawo da shi. Ya sake aikawa, ya ce wa direba: “Ka gaya masa abin da ba zai iya ba a bana shi na faɗa wa alƙali. In yana ganin ƙarya na yi, ya zo da kansa ya gaya mini.”

Sai da damina biyu ta wuce. Wata ranar kasuwa muka ga keken nan ya nufo mu daga tashar mota, da tiren goro ɗaure a gaba, Ajimi na murza shi yana haki. Ko sallama bai yi ba. Ya tsaya a bakin rumfa ya ce wa Zarami maƙaryaci, ya maimaita don kowa ya ji.

Zarami ya kashe injin walda. Tun da nake da shi ban taɓa ganin an zage shi bai rama ba sai ranar. Ya sa hannu a aljihu ya ce a ba shi goro, mai kyau, kuma ba ya son ragi.