Tarwaɗar Kawu a Akwatin Gilashi

Kifin ba nawa ba ne tun asali. Na wani malamin kimiyya ne, Ba'indiye, da muka koyar tare a wata sakandare a Shagari, zamanin mulkin farar hula na biyu. Da abubuwa suka tsuke, har sai an bi layi kafin a sami sabulu da madara, malaman ƙasashen waje suka fara haɗa kayansu. Ran da zai tafi ya kira ni gidansa, ya nuna mini wani akwatin gilashi cike da ruwa, da 'yan jajayen kifaye bakwai a ciki, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Ya ce ni zai bar wa, don ya lura ni kaɗai ne nake tsayawa in kalle su ban tambayi ranar suya ba.

Haka na ɗauko su zuwa gidana na Bodinga a a-kori-kura, kifin a bokiti tsakanin ƙafafuna, akwatin a cinyata, ina ta yi wa direba masifa a kan kowane rami. Na ajiye su a zaure. Ina son kifin nan, ba na ɓoyewa. In na dawo daga makaranta da ciwon kai, sai in zauna in barbaɗa musu dusa, in yi ta kallonsu har zuciyata ta yi sanyi.

Ba a daɗe ba ɗan injin da ke hura musu iska ya mutu. Na zagaya kantunan Sakkwato, ko mai kama da shi babu. Ruwa ya fara yin kore.

A nan Kawu ya shigo. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya rene ni bayan rasuwar mahaifina, kuma sana'arsa yasar rijiya a Sifawa. Duk ranar kasuwa yakan zo a kekensa ya duba mu. Ya leƙa akwatin, ya girgiza kai.

"Ku 'yan boko," in ji shi, "ga ilimi tuli, ga ruwa ya lalace gabanku. Mu rijiya tarwaɗa mukan saka. Ta cinye tsutsa da ƙwari, ruwa shi yi garau."

Na yi dariya, na ɗauka hira ce. Mako na zagayowa sai ga shi da buta a rataye a keke. Kafin in gama gaishe shi ya juye ta cikin akwatin. Wata 'yar baƙar tarwaɗa mai dogon gashin baki ta sulale ƙasa, ta lafe bayan dutse kamar mutuniyar kirki.

Na ce, "Allah shi saka da alheri, Kawu." Me zan ce?

Bayan kwana uku na ƙirga na ga shida. Na ce ƙila ɗaya ya ɓuya. Ranar Juma'a suka koma biyar, ita kuma baƙuwa har ta fara tumbi. Na gane sarai, amma ta yaya zan fitar da kyautar mutumin da ya rene ni? Ga shi kuwa duk zuwan da zai yi sai ya tsaya ya yaba aikinta, ya ce ruwa ya fara haske, alhali ni ne nake sauya shi da jarka kafin ya iso. Na yi ta dabaru. Na cika ta da dusa ko za ta ƙoshi. Na gitta kwali a tsakani, ya jiƙe ya narke. Cikin mako uku kifi suka koma biyu.

Ranar da na ga biyun nan raina ya ɓaci ƙwarai. Ranar kasuwa ce ma, amma na ce ko me za a yi yau sai ta fita, in Kawu ya tambaya in ce ta mutu. Na naɗe hannun riga na zura hannu. Santsi gare ta kamar kuɓewa. Na kama, ta zille. Na sake kamawa, ta watsa mini ruwa a fuska. A na uku na damƙe ta da ƙarfi, ita kuma ta buɗe ƙayar gefenta ta soka mini a tafin hannu. Ihun da na yi, matata ta fito da muciya a hannu, ta zaci maciji ne. Da ta ga abin da ya faru sai ta jingina da bango tana dariya har da hawaye.

Ina zaune riƙe da kumburarren hannu Kawu ya yi sallama. Kallo ɗaya ya yi wa ciwon.

"Wagga ƙayar tarwaɗa ce," in ji shi. "Da wa ka yi kokawa?"

Ya leƙa akwatin, ya daɗe yana kallo.

"Nawa ne da hwarko?"

"Bakwai, Kawu."

"Yaushe kag gane?"

"Tun na ɗaya."

"To mi yah hana ka hwaɗa min?"

Na sunkuyar da kai na ce kunya.

"Kunyar wa? Ni da nis share maka majina? Rijiya na sani, ban san gilashi ba. Ka bar ni ina yawo cikin Sifawa ina hwaɗin na gyara ma ɗana ruwa, ashe ɓarna nika yi."

Ya zura hannu a akwatin a hankali, ya dafe kan tarwaɗar, ya sa yatsu biyu bayan ƙayoyin, ya ɗago ta ko fantsama ba ta yi ba. Ya ce a ba shi ruwan ɗumi, ya gasa mini hannun da kansa, yana yi yana tsaki. Wallahi zafin maganarsa ya fi mini zafin ƙayar, don na san gaskiya ya faɗa: ɗaya tarwaɗa ta ci, sauran huɗun shiruna ne ya cinye su.

Daga ranar, duk zuwan da zai yi, kafin ya amsa gaisuwata sai ya leƙa akwatin ya ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu. Sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "To Malam, akwai abin da ba ka hwaɗa min ba?"