Alu Direba da Gwajin da Ba a Yi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alu direba ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina cikin buɗe shago a bakin tashar Boɗinga, ko keken ɗinki ban kai ga sharewa ba. Bube ne ya kira ni, abokin aikinsa, shi ma direban babbar mota. Ya ce, "Tela, samu wuri ka zamna in hwaɗa maka." Ban zauna ba, a tsaye na ji.

Jiya bayan la'asar, a hanyarsu ta kai albasa kudu, injin motar Alu ya buga daidai bayan wata kwana. Mota ta tsaya cak bisa titi da kaya cike. Ya sauko yana karyo ganye yana jerawa don masu tahowa su gani su rage gudu. Bai gama ba wata tanka ta shawo kwanar.

Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Ga wanda bai san shi ba, Alu ɗan Horo Birni ne, amma a Shagari yake zaune da iyalinsa. Tare munka yi karatun allo. Ni na kama ɗinki, shi ya bi mota, kuma duk da haka ba mu rabu ba.

Bai taɓa dawowa daga tafiya ya wuce shagona ba. Wata rana allurar keke, wata rana zare, wata rana manja a gora ya ce in kai wa Inna. Lokacin da maiɗakina ta yi rashin lafiya, ya bar lodi ya ari ƙaramar mota ya kai mu Sakkwato, ya wuni a bakin asibiti kan benci. Da na yi masa godiya sai ya harare ni ya ce, "Bari wagga magana, kai da wa kaka godiya?"

Ni ban san komai game da inji ba. A bakin Alu na fara jin wai ana gwada baƙin mai. Na gan shi da 'yar kwalba a aljihu na ce ko magani ne, ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce idan za a yi wa mota juyen mai, ana ɗibar kaɗan daga tsohon man a aika lab, wato ɗakin gwaji. Can za su duba su ce akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, ko ruwa ya shiga, ko gas na zuba, ko kuma man ma tun farko jabu ne.

"Awa gwajin jini na," in ji shi. "Mota ba ta da baki. Man ga shi ka hwaɗin ciwonta tun ba ta kwanta ba."

A da mai motocin da yake wa aiki yana biya a yi wannan gwaji a kai a kai. Sau ɗaya ma gwajin ya ceci motar Alu, anka buɗe inji anka canza ɗan abu ƙarami, maimakon a sayi wani injin sukutum. Ranar har tsire ya saya mana don murna.

Sai tsada ta zo. Kuɗin gwajin ya ninka, ya sake ninkawa. Masu lab sun ce kayan aikinsu daga waje ake kawowa, kuma da dala ake saye. Ga shi ba mu da wurin gwajin a nan kusa, sai an haɗa da kuɗin aike. Mai motoci ya duba ya ce a dakata, abu ya koma sai jefi-jefi, daga nan aka daina gaba ɗaya. A daidai lokacin kuma man jabu ya cika kasuwa, galan mai kyau, hatimi mai kyau, ciki kuwa Allah kaɗai ya san abin da anka tace anka zuba.

Wato lokacin da aka fi buƙatar gwajin shi ne lokacin da ya gagari mutane.

Haɗuwarmu ta ƙarshe makon jiya ne. Ya zo karɓar kayan makaranta da na ɗinka wa 'ya'yansa. Na gan shi ba walwala, na tambaye shi. Ya ce motar tana wani ƙara da bai gane ba, kuma man da anka zuba mata bai kwanta masa a rai ba. Ya ɗebi kaɗan ya kai wa mai motar, ya roƙe shi a aika a duba kafin ya ɗauki hanya.

Na ce, "To mi yac ce?"

Ya ce, "Cewa ya yi mota na tahiya, mi za a gwada? In na dawo a gani."

Na ce masa to ya ƙi tafiyar mana. Ya dube ni kamar na yi wauta. "Tela, in ni aje makulli yanzu, kahin in kai bakin ƙohwa wani ya ɗauka. Ɗiya mi za su ci? Kunnena na jin abu, amma kunne ba shaida na ba."

Ya naɗe kayan yaran ya sa a hammata, ya ce in ya dawo zai kawo mani yadi in yi masa riga. Na raka shi har bakin titi, ya hau Keke Napep ya ɗaga mani hannu.

Yanzu na dawo daga Shagari wajen gaisuwa. Na ga mahaifinsa, tsoho ya zo daga Horo Birni, yana zaune bisa tabarma yana amsa gaisuwa da kai kawai. Na ga babbar 'yarsa a bakin zaure da kayan makarantar nan a jikinta, don ta shirya za ta fita ke nan labari ya shigo gidan, ba wanda ya tuna ya ce ta cire.

Mai motar ma ya zo, ya yi addu'a, ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, kuma na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Ban ce shi ya kashe Alu ba, ba kuma na da tabbacin abin da gwajin zai nuna, tunda ba a yi ba. Amma mutum ya zo da kwalba a hannu ya roƙa. Wannan kam ba zan iya haɗiye shi ba. Yau za a sayi wani inji da kuɗin da zai biya gwaji fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma ba wanda zai ce ya yi tsada.

Abin da ya ƙarasa karya mani zuciya a wajen gaisuwar na ji shi. An riga an juye albasa a wata mota ta wuce kasuwa. An tura janwe ya jawo motar zuwa gida. Shi kuwa Alu, nisa ya yi yawa, 'yan uwanmu mazauna can sun yi masa sutura tun da hantsi, a garin da ko sunansa mahaifinsa bai iya faɗa ba.

Mota za ta dawo Shagari. Direbanta yana can.

Ya Allah ka jiƙan Alu, ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa a wannan ƙasa da bai san kowa ba. Ka sa ganyen da ya jera don tsare rayukan mutane ya zama nauyi a mizaninsa. Ka dubi marayunsa da tsohonsa, ka ba su haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ka wuce haka nan. Ka yi masa Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunansa, Aliyu. Allah shi kyautata namu ƙarshe.